Mu Zaga Ƙasa: Daga Jalingo Zuwa Gembu, Hanyar da ke Shiga Cikin Gajimare

Yau da tambaya za mu fara. A wace jiha ce ta Najeriya mutum zai shiga mota da safe yana sharce gumi, kafin magariba ya sauka yana neman bargo da shayi mai zafi, alhali bai tsallaka iyakar jihar ba, kuma ba hunturu ne ya faɗo a ranar ba? Wanda ya ce Taraba ya ci. Tafiyar kuwa ita ce daga Jalingo, babban birnin jihar, zuwa garin Gembu da ke kan Tsaunin Mambila, wajen kilomita 400 da kan cinye wa mutum yininsa.

Masu zuwa can sukan dawo da waya cike da hotuna: tuddai kore shar, shanu suna kiwo cikin hazo, hanya tana lanƙwasa a jikin dutse kamar maciji. Kyan wurin ba abin musu ba ne. Amma aikin ɗalibi ya wuce kallo, dole ya tambayi dalili. Me ya kawo sanyin? Me ya hana hanyar miƙewa? Me ya sa ganyen shayi ke yi a can amma ba ya yi a Kano ko Sakkwato? Duk tambayoyin nan amsarsu ɗaya ce, wato tsayi. Ku riƙe wannan kalma da kyau, don ita za ta yi mana jagora tun daga tasha har mu je mu dawo.

Tsayi daga ina?

In an ce wuri yana da tsayin mita kaza, daga fuskar ruwan teku ake fara awo, domin shi ne ma'aunin da duniya ta yarda da shi. Legas tana bakin teku, don haka tsayinta 'yan mitoci ne. Birnin Kano yana kan kusan mita 500, ƙolin Dala kuma mita 534. Kun ga ke nan Dala da ake hawa ana haki da kaɗan ya ɗara garin da yake ciki. Jos tana kan kimanin mita 1,200. Tsaunin Mambila kuwa matsakaicin tsayinsa kimanin mita 1,600 ne, wasu sassansa ma sun kai 1,800. Can kusa da shi, a kan iyakar Kamaru, akwai Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419. Duk faɗin Najeriya babu inda ya kai shi tsayi.

Kada kalmar tsauni ta sa ku zaci dutse ɗaya ne mai tsini. Mambila ya fi kama da makeken tebur: gefensa a tsaye, samansa kuma fili mai faɗi inda akwai garuruwa da kasuwanni da gonaki da makarantu. Irin wannan shi ake kira filato, kuma daga nan Jihar Filato ta samo sunanta. Wahalar tafiyar duk tana wurin hawa gefen teburin.

Daga Jalingo zuwa gindin dutse

Jalingo tana ƙasa da mita 400, a yankin kwarin Binuwai, kuma duk wanda ya taɓa zama can a watan Maris ya san irin zafinta. Da sassafe ake tashi, a yi kudu ta Garba Chede a nufi Bali. A wannan zangon ƙasar shimfiɗe take, sai gonakin masara da shinkafa da doya, da bishiyoyin kaɗanya da ɗorawa jefi-jefi. Ga ɗan Arewa, babu wani baƙon abu tukuna.

A Bali za ku haye Kogin Taraba, wanda jihar ta ci sunansa lokacin da aka cire ta daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991. Ku dubi ruwan sosai, za mu dawo kan zancensa.

Bayan Bali duwatsu kan fara leƙowa daga nesa, shuɗi-shuɗi, kowane layi ya fi na gabansa dushewa. Duwatsun kansu kore ne. Iska da ƙurar da ke tsakaninku da su ne ke watsa hasken rana su rina muku su da shuɗi, shi ya sa da kun matso sai launin ya koma kore.

Gari na gaba mai muhimmanci shi ne Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. An kafa gandun a 1991, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, wanda ya sa ya zama mafi girma a Najeriya. A cikinsa akwai ɓauna da dorina da damisa da birai iri-iri, har da birin nan mai wayo da ake kira cimfanzi, ga tsuntsaye sama da iri 500. Chappal Waddi da muka ambata yana cikin wannan gandu.

Daga Serti sai Mayo Selbe, a daidai gindin dutsen. Mayo kalmar Fulatanci ce mai nufin kogi, kuma za ku yi ta cin karo da ita a sunayen garuruwan yankin. A nan direba mai hankali kan tsaya ya duba ruwan lagireto da burki da tayoyi, fasinjoji su ci abinci su miƙe ƙafa. Wanda ya sa suwaitarsa a ƙasan akwati, nan ne wurin ciro ta.

Me ya hana hanyar miƙewa?

Da an bar Mayo Selbe sai hawa. Hanyar takan yi dama, ta sha kwana ta yi hagu, ta sake shan kwana ta dawo dama, har mutum ya hango inda ya baro ɗazu can ƙasan ƙafarsa. A gefe guda bangon dutse ne, ruwan marmaro na tsattsafowa daga jikinsa. A ɗaya gefen kwari ne mai zurfi. In aka yi dace, sai a ga gajimare a ƙasa, mota tana samansa. Ɗaya daga cikin sanannun wuraren hawan sunansa Hawan Biyu da Sisi, suna mai tuna wa mutum da kuɗin da aka yi amfani da su kafin zuwan naira a 1973, lokacin da sule yake kwabo 12, sisi kuma kwabo 6.

To me ya sa injiniyoyi ba su miƙe hanyar sak an huta ba? Ku tuna yadda ake ɗora duro a bayan babbar mota. In aka jingina gajeren katako, hawan kan yi tsaye, sai ƙarti da yawa sun taru kafin duron ya hau. In aka kawo dogon katako, mutum biyu sun isa su gangara shi sama. Tsayin da duron zai hau bai canza ba, nisan ne aka ƙara don a rage ƙarfin da ake buƙata. Kwanonin nan dogon katako ne da aka naɗe a jikin dutse. Hanyar da ta hau mita 100 cikin kilomita 1, hawanta kashi 10 cikin 100 ne, kuma babbar mota mai lodi za ta sha wuya a kanta. In aka shimfiɗa wannan hawan a kilomita 2, ya koma kashi 5 cikin 100. Wannan shi ne darasin gangare da kuke yi a Fiziks, an dai rubuta shi da kwalta.

Haka kuma a takardar taswira ta jarrabawar WAEC ko NECO, inda kuka ga layukan tsayi sun matsu da juna kamar za su haɗe, irin wannan gefen dutsen ake nufi. Inda suka ware kuwa fili ne. Wanda ya taɓa hawa Mambila da idonsa a buɗe ba zai sake rikita su ba. Gani ya kori ji.

Abin da jiki ke ji

Ana cikin hawa za ku ji kunnuwanku sun toshe, maganar na kusa da ku tana zuwa kamar daga cikin rijiya. Ba ciwo ba ne. Iskar da ke samanmu tana da nauyi, tana kuma danna mu ta kowane gefe. Da zarar mutum ya hau sama, iskar da ta rage a kansa ta ragu, dannawarta ma ta ragu. A mita 1,600 dannawar iska ta yi ƙasa da ta bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin shida. Iskar da ke cikin kunnenku kuwa tun daga Jalingo kuka taho da ita, sai ta riƙa tura fatar kunnen waje. Akwai wata siririyar kafa da ta haɗa cikin kunne da maƙogwaro. In kun haɗiyi yawu, ko kun yi hamma, ko kuna taunar cingam, kafar za ta buɗe, ku ji kunnen ya yi ɓas ya washe.

Ku duba ledar biskit ɗin da kuka saya a ƙasa ba ku buɗe ba: za ku tarar ta kumbura, saboda wannan dalili. Injin mota ma yana ji a jikinsa. Man fetur ba ya ci sai da iska, kuma iskar sama ba ta da kauri, don haka injin da ba shi da na'urar cusa masa iska yakan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 100. Shi ya sa manyan motoci ke rarrafe suna gurnani, wani lokaci yaron mota yana shirye da waigi don toshe taya in motar ta tsaya.

Wasu kuma jiri da tashin zuciya kan kama su a kwanonin. Yawanci masu kallon waya ne. Idonsu yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa a zaune suke wuri ɗaya, cikin kunnensu kuma yana gaya mata ana ta juyi, sai ta rikice. Maganin shi ne a ajiye wayar a kalli nesa ta gaban mota. Da ma abin kallon yana waje.

Sanyin daga ina?

Ga tambayar da kan rikita ɗalibai da yawa: tunda wanda ya hau dutse ya matsa kusa da rana, ai zafi ya kamata ya ji. Nisan rana daga duniya kimanin kilomita miliyan 150 ne, saboda haka matsawar kilomita ɗaya da rabi ba ta rage komai ba. Hasken rana ƙasa yake fara gasawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. In iskar ta tashi sama inda dannawa ta ragu, sai ta baje, kuma iskar da ta baje takan huce. Ku kara hannu a bakin tayar keke lokacin da ake sace mata iska, za ku ji iskar da sanyi-sanyi.

Masana sun auna cewa a matsakaici zafi kan ragu da digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a duk hawan mita 1,000. Mu gwada lissafi. Daga Jalingo zuwa saman Mambila akwai bambancin kimanin mita 1,300. In kun ninka 1.3 da 6.5 za ku samu kusan digiri 8 da rabi. Ke nan ranar da Jalingo ke fama da digiri 34, a sama ana wajen 25 ko 26. Da dare kuwa, musamman a watannin Disamba da Janairu, sai an haɗa da bargo mai kauri.

Tsayin ne kuma ke kawo ruwan sama. Iskar damina tana tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da danshi. In ta ci karo da dutse ba ta da hanya sai ta hau, in ta hau ta huce, in ta huce danshin ya dunƙule ya zama gajimare ya zubo. Saboda haka Mambila kan samu ruwan da ya haura milimita 1,800 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma damina a can takan fara da wuri ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Har tukunya ta san an hau dutse. A bakin teku ruwa kan tafasa a digiri 100, amma a mita 1,600 a kusan digiri 95 yake tafasa. Tafasar ta zo da wuri, zafin kuma bai kai ba, don haka wake kan ɗan daɗe a wuta kafin ya nuna.

Saman teburin

Babban garin da ake fara tararwa bayan an gama hawa shi ne Maisamari. Daga nan ƙasar takan buɗe: tuddai masu santsi lulluɓe da ciyawa, ɗaya bayan ɗaya har iya ganin ido, rafuka suna bi ta tsakaninsu, gidaje masu rufin kwano sun watsu nan da can. Bishiyar da ta fi yawa ita ce ta turare, doguwa siririya. Ita ma baƙuwa ce, asalinta daga Ostireliya, an dasa ta ne don katako da itacen girki. A hanyoyin ƙauyuka har yanzu za ku haɗu da tsofaffin motocin Land Rover maƙare da kaya, domin in damina ta yi nisa jar lakar wurin ba kowace mota take ragawa ba.

Shanu kuwa ba a magana. Ƙudan tsando, wanda ke sa wa shanu ciwon sammore, ya fi son wurare masu ɗumi da duhuwar bishiyoyi, sanyin saman tsauni bai karɓe shi ba. Ga ciyawa, ga ruwa, ga ƙarancin tsando, shi ya jawo Fulani makiyaya suka yi ta hawowa da garkunansu a ƙarni na 20. Sun tarar da al'ummar Mambila, manoman da tsaunin ke ɗauke da sunansu, kuma a yau akwai Kaka da Panso da Kambu da Hausawa 'yan kasuwa da sauransu. A gonaki za ku ga masara da gwaza da dankalin Turawa da ayaba da fiya da kofi.

A Kakara, ba nisa da garin Nguroje, akwai gonar shayi wadda aka fara a shekarun 1970, inda ake yin shayin Highland Tea. Daga nesa sai ku zaci koren kafet aka shimfiɗa a kan tuddai. Itacen shayi yana son sanyi-sanyi da ruwan sama mai yawa da ƙasa mai ɗan tsami wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, shi ya sa a Kenya da Indiya da Siri Lanka ma a kan tsaunuka ake samun shayi mai kyau. Masu tsinka ganye biyu na sama da tohon da ke tsakaninsu suke cira. A masana'anta a bar ganyen ya yi yaushi, a murƙushe shi, a shanya shi iska ta taɓa shi har ya koma ruwan ƙasa, sannan a busar. Gobe in kun zauna a teburin mai shayi, kun san irin tafiyar da ganyen ya yi.

Ƙarshen zangonmu Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, wadda ke kallon kwarin Kogin Donga. Wannan suna na Sardauna yana da tarihi. Yankin yana cikin ƙasar Kamaru da Jamus ta mallaka kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan yaƙin ya koma hannun Ingila a matsayin riƙon amana. A watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Mutanen Arewacin Kamaru na Ingila suka zaɓi Najeriya, na kudanci suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni, 1961 yankin ya shigo Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello. Ashe wuri mafi tsayi a ƙasar nan da ƙuri'a ya zama namu.

Gangara ta fi hawa haɗari

Fasinja yakan ji tsoro a hawa, ya saki jiki a gangara. Tsofaffin direbobi sun san gangarar ce abin tsoro. Motar da ke sama tana ɗauke da ƙarfi a ɓoye saboda tsayin da ta hau, kuma kun san lissafinsa: nauyi sau jan ƙasa sau tsayi. Mota mai kilo 1,500 da za ta sauko mita 1,000, in muka ɗauki jan ƙasa a matsayin 10, tana da jul miliyan 15 da dole ta rabu da su kafin ta iso ƙasa. Wannan ƙarfi ya isa ya tafasa ruwan jarka biyu masu lita 20, har da saura.

In direba ya ɗora ƙafa a burki tun daga sama, kusan duk wannan ƙarfi zafi zai koma a cikin burkin. Burkin da ya yi zafi ainun yakan daina kamawa, man burkin ma yana iya tafasa, a taka a ji wayam. Saboda haka ƙa'idar ita ce a sauko da giya ta ɗaya ko ta biyu, injin ya riƙe motar, burki ya zama mataimaki. Mafi muni shi ne sa mota a firi ko kashe inji don tsimin mai. In kun ji warin ƙauri daga wajen tayoyi, ku gaya wa babban da kuke tare da shi ya roƙi direba a tsaya burki ya huce. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya haɗa mu da tsaunin

Yanzu mu koma ga ruwan da muka haye a Bali. Kogin Taraba daga duwatsun Gashaka ya taso, Kogin Donga kuma daga Mambila. Dukansu suna zuba a Binuwai, Binuwai kuma ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Masunci da manomin rani da ke ɗaruruwan kilomitoci daga Gembu da ruwan tsaunin suke rayuwa, ko da ba su taɓa ganinsa ba.

Ciyawa da kurmin da ke sama kamar soso suke. Suna tsotse ruwan damina, su riƙa sakinsa a hankali har cikin rani. In aka ƙone daji kowace shekara, aka sare kurmin bakin rafi, dabbobi suka cinye ciyawa har ƙasa ta fito tsirara, ruwan sama kan kwarara gaba ɗaya ya tafi da ƙasar noma. Na ƙasa su sha ambaliya da damina, su rasa ruwa da rani. Zaizayewa kuma takan ci gefen hanyar da muka hau. Ita kanta bishiyar turare tana shan ruwa da yawa, don haka dasa ta a bakin marmaro yana iya rage ruwansa. Ga kuma ramukan masu haƙar dutsen nan mai daraja shuɗi da ake kira safaya a yankin Nguroje. Jama'a na ƙaruwa, dabbobi na ƙaruwa, amma teburin bai ƙara faɗi ba, kuma rikicin fili tsakanin manoma da makiyaya ya sha tashi, har da wanda ya ci rayuka da yawa a 2017.

Akwai masu ƙoƙarin riƙe abin da ya rage. Kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje, akwai kurmin Ngel Nyaki da aka keɓe tun 1969, ɗaya daga cikin 'yan kurmin tsauni da suka saura a Najeriya. A can ɗaliban jami'o'in gida da na waje suna nazarin bishiyoyi da tsuntsaye da birai, suna kuma renon dashe don mayar da kurmin inda ya ɓace.

Shi kuma ƙarfin nan da muka ce yana ƙona burki, in ruwa ne ya sauko da shi yana iya juya injin lantarki. Yawan wutar ya dogara da abu biyu: yawan ruwan, da tsayin da ya faɗo. Mambila yana da duka biyun. Shi ya sa fiye da shekara 40 ke nan ana zancen gina tashar lantarki a kan Kogin Donga, wadda aka taɓa tsara za ta ba da megawat 3,050, a ƙasar da wutar da ake rabawa take yawan tsayawa tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Har yau tashar ba ta ba da wutar ƙwai ɗaya ba. Ranar da za a yi aikin, za a buƙaci injiniyoyi da masu awon ƙasa da masana ruwa da na gandun daji, da kuma masu iya zama da jama'ar da za a taɓa gonakinsu a yi musu adalci. Masu wannan aikin yanzu haka suna aji huɗu ko aji biyar na sakandare, kuma babu abin da ya hana su zama ku.

In za ku je

Ku bi ta hannun makaranta ko iyaye, a tambayi halin da hanya take ciki da lafiyarta kafin a tashi, kuma a yi hawa da gangara da rana. Ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, tuddan suna kore kuma ruwa ya fara sauƙi. In hunturu ya kankama, ƙura kan rufe nesa. Ku tafi da suwaita da takalmi mai rufi da littafin rubutu. Ku gaida mutanen da kuka tarar, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum ko dabbobinsa, kuma ledar da kuka hau da ita ku sauko da abarku.

Wanda Taraba ta yi wa nisa, Hawan Kibo da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga zai nuna masa yawancin abubuwan nan, haka ma hawan Biu a Jihar Borno. 'Yan uwanmu na Nijar kuma suna da duwatsun Bagzan a ƙasar Abzin, masu tsayin sama da mita 2,000.

Aikin wannan mako

Na ɗaya: in zafin gari a gindin dutse mai tsayin mita 400 ya kai digiri 33, nawa kuke sa ran zai kasance a ƙolin Chappal Waddi? Ku nuna yadda kuka yi lissafin.

Na biyu: wani ɗalibi ya shanye ruwan gorar roba a Nguroje, ya murɗe murfinta tam, ya sauko da ita Serti. Yaya zai tarar da gorar, kuma me ya sa?

Na uku: ku binciko tsayin garinku daga fuskar teku, da sunan kogin da ruwan saman unguwarku ke ƙarewa a cikinsa. Malamin labarin ƙasa zai taimaka muku da taswira.

Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa. Sai mako mai zuwa, a yi karatu lafiya.